Baba ya ce shekara shida, ni kuwa zuciyata na kan takwas

Assalamu alaikum Anti. Ni yarinya ce 'yar shekara 17. Iyayena Katsinawa ne, amma a Amurka muke zaune tun ina 'yar shekara biyar, kuma bana zan gama sakandare. Cikin ikon Allah jami'o'i biyu sun ɗauke ni a tsarin nan da ake haɗe digirin farko da karatun likita wuri guda, wato tun yanzu an ajiye mini gurbi a makarantar likitanci. Ɗaya shekara shida ce, tana wata jiha mai nisa sai an hau jirgi, ba sa yin dogon hutu, kuma ba sai na rubuta MCAT ba, wato jarrabawar shiga makarantar likitanci. Ɗayar shekara takwas ce, tafiyar awa uku a mota daga gida. Sun yafe mini fiye da rabin kuɗin makaranta na shekara huɗun farko, amma gurbin likitancin yana da sharaɗin kada makina ya sauka ƙasa da 3.5 cikin 4, kuma sai na rubuta MCAT na kai makin da suka yanka. Baba ya tsaya kai da fata a kan mai shida. Ya ce a gida ma shida ake yi, ga ɗan wansa nan ya yi a Zariya, kuma da zafi-zafi ake bugun ƙarfe. Aikin dare yake yi, ga ƙannena biyu a baya. Mama ba ta son in yi nisa, amma da ta lissafa ta ga sai na kai 26 zan gama mai takwas, sai jikinta ya yi sanyi saboda maganar aure. Ni ina son likitanci, na yi aikin sa kai a asibiti kuma na ji daɗinsa, amma ina son in karanci Larabci da tarihi, ina kuma son in je in yi ko wata biyu ne wajen kakata tun tana da rai. Gaskiya kuma na gaji, shekara biyun nan ban san barcin kirki ba. In na tuna wahalar Baba sai in ga kamar son kai nake yi. Ranar 1 ga Mayu zan ba da amsa. Don Allah ki ba ni shawara.

Ɗiyarki daga Amurka

Wa alaikumus salam 'yata. Da farko barka, Allah ya sa albarka a ciki. A ƙasar da kike, masu neman shiga makarantar likitanci bayan sun gama digiri, sun rubuta MCAT, sun cike takardu sun zaga ganawa, waɗanda ke samun gurbi a kowace shekara ba su kai rabi ba. Ke kuwa ba ki ko karɓi takardar sakandare ba an buɗe miki ƙofa biyu. Damuwarki damuwa ce ta gaske, amma irin wadda ake yi wa godiya kafin a zauna warware ta.

Bari in faɗa miki inda na karkata tun yanzu, don kada ki yi ta laluben amsa a ƙasan takarda. A yadda kika zayyana halinki, mai takwas ta fi dacewa da ke. Abu ɗaya ne zai iya sa in janye maganata, shi ne lissafin kuɗi, kuma na lura ba ki kawo shi ba. Ina zargin a gidan ma ba wanda ya zauna ya yi shi da alƙalami. Kowa ya ɗauka shida ta fi takwas araha saboda shida ba ta kai takwas ba. Za mu zo kansa.

Mu fara da maganar Baba, don tana da tushe. Mutumin da ya tashi a Najeriya ya san likitanci shekara shida ne daga sakandare: ka ci JAMB, ka shiga aji ɗaya ka yi kimiyyar share fage, ka wuce karatun sassan jiki da yadda suke aiki, ka tsallake jarrabawar nan da ke tankaɗe mutane, sannan ka shiga asibitin koyarwa, ko na Shika a Zariya, ko na Malam Aminu Kano. Tsarin Ingila ne muka gada, kuma an gina manhajar ne tun asali a kan shekara shida. Amurka ta bi wata hanya daban tun da daɗewa. Makarantar likitanci ta Johns Hopkins da aka buɗe a 1893 ta sa sharaɗin sai mai digiri, rahoton Flexner na 1910 a kan makarantun likitanci ya ƙarfafa wannan salo, a hankali har ya zama shekara huɗu na digiri da huɗu na likitanci shi ne ma'aunin ƙasar. Saboda haka shidan Zariya da shidan Amurka suna kawai suka haɗa. Ta Zariya tafiya ce da aka auna ta a kan shida. Ta Amurka aikin shekara takwas ne aka matse, kuma inda aka fi matsewa shi ne digirin farko, wanda kusan a shekara biyu za ki haɗiye shi, da cinye dogon hutu. In kin samu fuska kuma ki tambayi ɗan wan Baban shekara nawa ya yi a zahiri. Wanda yajin aikin malaman jami'a na 2020 da na 2022 ya rutsa da shi, wata tara da wata takwas ya zauna a gida. Shidan ma sau da yawa a takarda take.

Kada ki ji na faɗi haka ki ɗauka tsarin shida abin raini ne. Wanda aka fi sani, na jami'ar Missouri da ke Kansas City, yana nan tun 1971, kuma ya fitar da likitoci masu yawa. Ɗalibi yana fara ganin marasa lafiya tun shekarar farko, ana haɗa shi cikin ƙaramin rukuni ƙarƙashin babban likita guda da zai riƙa bibiyarsa shekara da shekaru. Yaron da ba abin da ke ransa sai farar riga, wanda zama a ajin adabi azaba ne gare shi, wannan tsari rahama ne a wurinsa. A ɗaya ɓangaren akwai irin na jami'ar Brown, shekara takwas, inda ɗalibi ke da damar karanta abin da ya ga dama a digirin farko, ko tarihi ko falsafa, gurbinsa na jiransa. A tsakiya akwai masu bakwai, kamar haɗin gwiwar jami'ar jihar Pensilbeniya da kwalejin likitanci ta Jefferson. Duk waɗannan hanyoyi takardar shaida iri ɗaya suke kai mutum, kuma majinyaci ba ya tambayar likita shekara nawa ya yi a aji. Abin tambaya shi ne wace ce ke, kuma a wane hali za ki shiga.

To ke kin gaya mini halin da bakinki. Kin ce kin gaji, shekara biyu ba barcin kirki. Wannan jumlar ta fi komai nauyi a wasiƙarki, ko da yake can ƙasa kika cusa ta kamar kina jin kunyarta. Na san yadda ake samun irin waɗannan guraben: darussan jami'a tun ana sakandare, jarrabawa kan jarrabawa, aikin sa kai ranar Asabar, rubuce-rubucen neman shiga har tsakar dare. Yanzu a ce daga nan, bayan 'yan makonni, ki faɗa karatun da ba ya tsayawa rani da damina, a garin da ba ki san kowa ba, kina 'yar 18. Tela mai hankali in zai ɗinka wa yarinya mai tasowa riga yakan bar ɗan yadi a naɗe ta ciki, don ya san jiki zai canja. Shekara biyun da Baba ke gani asara, su ne wannan naɗin. A cikin shekara shida ko takwas ba makawa wani abu zai faru: ciwo, rasuwa a gida, zangon karatu guda da kemistiri zai ƙi shiga kai ko ta halin ƙaƙa. A tsari mai takwas akwai inda za a warware a gyara, ki maimaita darasi lokacin hutu, ki rage kaya a zango guda ki ƙara a na gaba. A mai shida darussan a jere suke, kowanne ya dogara da na bayansa, in ɗaya ya zame yakan ja sauran. Ɗalibin da aka ƙara wa shekara ya koma mai bakwai, ya biya kuɗin bakwai, kuma bai ci moriyar hutun ba.

Akwai kuma abin da ba kowa ke hangowa yana sakandare ba. Gama makarantar likitanci a Amurka ba ya ba mutum damar buɗe asibiti ya fara duba jama'a. Sai ya shiga horon ƙwarewa, kuma shiga wannan horo gasa ce ta daban. Tun watan Janairun 2022 matakin farko na jarrabawar lasisi, USMLE, ya koma ko ka ci ko ka faɗi, ba maki. Wannan ya sa masu zaɓen likitocin horo suka ƙara zuba ido kan mataki na biyu, da wasiƙun shaida daga malamai, da binciken da ɗalibi ya taɓa yi. Lokutan hutu su ne ɗalibai ke cikawa da irin wannan bincike. In burinki likitan yara ne ko likitan iyali, wannan ba zai dame ki sosai ba. In kuwa wata rana zuciyarki ta karkata ga fannin da ake rububinsa, kamar fata ko tiyatar ƙashi, za ki so a ce kin samu wannan sarari. Yau ba ki san wanne za ki so ba, kuma ba laifi ba ne.

Mai takwas ɗin ma tana da nata tarko, kada ki shiga da ido rufe. Gurbin da aka ajiye miki alkawari ne mai sharaɗi. Riƙe 3.5 cikin 4 a darussan kimiyyar jami'a ba wasa ba ne, yara masu ƙoƙari da yawa a nan suke fara ganin makin da ba su taɓa gani ba. MCAT kuma zama ne na sama da awa bakwai, makinta daga 472 zuwa 528, kuma shirinta yakan ci watanni. Tsarin shida ya ɗauke miki wannan dutse kacokan, wannan riba ce ta gaske. Sai dai akwai bambanci tsakanin wanda ke rubuta ta don ya kai wani maki da aka riga aka gaya masa, da wanda ke rubuta ta yana kokawa da dubban mutane bai san inda za a yanka ba. Ke ta farkon za ki yi. Ki nemi sanin makin da suka yanka, da sau nawa aka yarda ki sake zama, da ko 3.5 ɗin na duka darussa ne ko na kimiyya kaɗai, da abin da ke faruwa in kin sauka zango guda: gargaɗi ake yi a ba da lokaci, ko sallama ce kai tsaye? Ki tambaya kuma ko tallafin da suka ba ki yana rataye da wannan makin, don kada zamewa guda ta tafi da gurbi da kuɗi gaba ɗaya.

Yanzu kuɗi. Gaskiyar Baba a nan ita ce likitan da ya gama horo a Amurka, ko a fannin da ya fi ƙarancin albashi, yakan haura dala dubu 200 a shekara. Fara karɓar wannan da wuri da shekara biyu ba ƙaramin abu ba ne ga gidan da uba ke kwana a wurin aiki. Kada ki raina wannan hujja a gabansa, kada ma ki raina ta a zuciyarki. Amma ku duba yaushe kuɗin zai iso. Ko kin bi mai shida, kina 24 za ki shiga horo, shekara uku mafi ƙaranci, a kan albashin da ke tsakanin dala dubu 60 da 70 a farko, ga haya ga bashi. Kenan sai kin kai 27 za ki iya ɗaukar wani nauyi na a zo a gani. In ƙannenki ba ƙanana ba ne sosai, kafin lokacin sun riga sun shiga jami'a, wataƙila ma sun fita. Abin da zai taimake su da gaske shi ne abin da zai rage a aljihun Baba cikin shekara huɗu masu zuwa, kuma a nan ne yafe miki fiye da rabin kuɗi yake da nauyi. Jami'ar da ke wata jiha, in ta gwamnatin jiha ce, takan caji baƙo fiye da ɗan gida nesa ba kusa ba. Ƙara da tikitin jirgi duk sallah da duk hutu, da kuɗin zangon bazara wanda shi ma ba kyauta ba ne. Ga wani abin da ake mantawa: tallafin gwamnatin tarayya irin na Pell na masu karatun digirin farko ne kawai, ranar da makaranta ta sauya miki suna zuwa ɗalibar likitanci ya yanke. A tsarin shida wannan rana da wuri take zuwa.

Maganar bashi kuma ta canja kwanan nan. Dokar da aka sa wa hannu a Yulin 2025 ta tanadi cewa daga 1 ga Yulin 2026 sabon ɗalibin likitanci ba zai ranci fiye da dala dubu 50 a shekara daga gwamnatin tarayya ba, jimilla dubu 200, kuma an rufe wa sababbi rancen da a da yake cike gibin da ya rage. Duk abin da ya haura haka sai aljihu ko banki. Matsakaicin bashin da likita ke fita da shi a ƙasar dama can kusan dubu 200 ɗin ne. Irin wannan rance kuɗin ruwansa yana fara hawa tun kina aji. Ku Musulmi ne, na san wannan ba ƙaramar magana ba ce a gidanku, kuma hukuncinta na malamai ne, ku tambayi wanda kuka amince da iliminsa kuma ya san yanayin ƙasar. Abin da ni zan ce shi ne, duk hanyar da ta fi rage rancen tana da wata daraja da ba a rubuta a takardar makaranta ba. Ki kuma sa a ranki akwai shirin gwamnatin tarayya na NHSC da ke biya wa ɗalibi kuɗin makarantar likitanci, shi kuma ya yi aiki aƙalla shekara biyu a yankin da ke ƙarancin likitoci, a fannonin kula da lafiya na farko. Ana gasa a kansa, amma hanya ce da ba kuɗin ruwa a cikinta.

Don haka ga aikinki na wannan makon. Ki rubuta wa ofishin tallafin kuɗi na kowace makaranta, ki ce su ba ki abin da za ki biya shekara bayan shekara har ƙarshe, da masauki da abinci da inshorar lafiya, bayan an cire tallafi, kuma su faɗa miki a wace shekara kike komawa kan farashin makarantar likitanci. Ki jera su a takarda guda, shida a dama takwas a hagu. Sannan ki tambayi ofishin shiga na kowaccensu: cikin waɗanda suka fara tare, nawa ne suka gama a kan lokaci? Wanda ya fasa likitanci a shekara ta biyu ko ta uku, da me yake fita, kuma darussansa suna karɓuwa a wani fanni? Ana ba da hutun shekara in buƙata ta taso? In na nemi wata makarantar likitanci daga baya, gurbina ya tafi? Makarantar da ta yi ta kewaye-kewaye a kan tambayar farko, kewayen ma amsa ce. Ki roƙa kuma a haɗa ki da ɗalibai biyu, ɗaya a shekara ta biyu ɗaya a ta biyar, ki tambaye su ƙarfe nawa suka kwanta jiya, da yaushe rabonsu da gida. In akwai 'yar'uwa Musulma a cikinsu ta fi, ki ji yadda take yi da azumi lokacin jarrabawa, da inda take sallar Juma'a, da inda take samun nama.

Mama kuwa, Allah ya saka mata, damuwarta ta uwa ce, kuma na san irin wayar da take sha daga gida ana tambayar yaushe za a sha biki. Amma lissafin nata ya tsaya a rabin hanya. In ana jiran ki gama ne kafin aure, to ranar karɓar takarda ba ita ce gamawa ba. Abin da ke biye ya fi makarantar cin rai: horon likitan yara ko na cikin jiki shekara uku, na mata da haihuwa huɗu, tiyata biyar, tiyatar ƙwaƙwalwa bakwai, kuma ƙa'idar horon ta yarda a yi aiki har awa 80 a mako. Ga shi tsarin rabon guraben horo yana iya jefa ki kowace jiha. Kenan ko ta shida ko ta takwas, in Allah ya kawo miji nagari, da wuya auren bai faɗo a tsakiyar karatu ko horo ba, kuma mata da yawa haka suka yi suka rayu. Abin da zai sa ya yiwu shi ne irin mijin da dangin da ke kusa. Yarinyar da ke tafiyar awa uku daga ɗakin uwarta, tana zuwa sallah da suna da biki, jama'arta na ganinta, ta fi kusa da abin da Mama ke fata a kan wadda ke can wata uwa duniya ba ta ɗaga kai daga littafi. Ki kuma sanar da ita cewa matsakaicin shekarun masu shiga makarantar likitanci a Amurka wajen 24 ne. Ke a mai takwas za ki shiga kina 22, ki fita lokacin da sa'o'inki da yawa ke tsakiya.

Sai maganar son kai. A'a 'yata. Son ganin kakarki zumunci ne, kuma shi ne abu guda a duk wasiƙar nan da ba ya jira. Larabci da tarihi kuma ba ado ba ne. Likitar da ke jin Hausa da Larabci da Turanci, a biranen Amurka da ke cike da 'yan Sudan da Yaman da Nijar, za ta ji abin da majinyaci ba zai iya faɗa wa tafinta ba, musamman mace ga mace. Amma zan ja kunnenki a kan abu ɗaya. Ki bincika zuciyarki ko son mai takwas ɗin yana ɓoye wani kokwanto ne a kan likitancin kansa. Jin daɗin aikin sa kai alama ce mai kyau, sai dai mai raba ruwa da tura keken majinyaci bai ga daren da likita ke gaya wa uwa ɗanta ya cika ba. In akwai kokwanton, ko kaɗan ne, to hujja ce ta ƙara zaɓar mai takwas, don wadda ta fasa a can za ta fita da cikakken digiri a hannu, ta nufi wani fannin ba tare da ta koma farko ba.

Yadda za ki tunkari Baba shi ne rabin aikin. Kada ki je masa da "ni ina so", kada kuma ki tare shi ya dawo daga aikin dare ido ya yi ja. Ki fara da Mama, ku fahimci juna, ta zaɓi ranar da ya huta ya ci ya ƙoshi. Ki kawo takardar lissafin nan ki ajiye a gabansa, ki ce, "Baba, ga abin da makarantun suka turo, ina so ka duba mana, ka fi ni sanin kuɗi." Ki bar shi ya haɗa jimillar da hannunsa. Uban da ya ƙetare teku ya kwana a tsaye don 'ya'yansa ba shekara biyu yake tsoro ba, tsoronsa kada abin ya kuɓuce, kada a yi ta jan lokaci har shaiɗan ya shiga. Ki amsa wannan tsoron kai tsaye: ki nuna masa gurbin a rubuce yake, ki faɗa masa sharuɗɗan ba ɓoye-ɓoye, ki gaya masa shekarar da za ki rubuta MCAT da abin da za ki yi da kowane hutu, wannan na Katsina, wannan na ɗakin bincike, wannan na aikin da zai rage masa kuɗin littafi. Ki kuma gaya masa kin gaji, da kalmomin da kika gaya mini. Mai yiwuwa bai sani ba, don yaran kirki sun iya ɓoye gajiya. In akwai likita a cikin jama'arku da ya yi horo a ƙasar, wanda Baba ke ganin girmansa, a gayyato shi shan shayi. Abin da 'ya ta faɗa sau goma, babban mutum sau ɗaya zai faɗa ya zauna.

Akwai tsaka-tsakin da za ki iya miƙa masa. Ki tambayi mai takwas ko darussan jami'a da kika ci tun a sakandare za su ba ki damar gama digirin farko a shekara uku ki wuce, wasu na yarda wasu ba sa yarda. Ko ba su yarda ba, sauri bai ƙare ba: makarantun likitanci da dama yanzu suna da hanyar shekara uku maimakon huɗu, jami'ar New York na cikin waɗanda suka yi suna a kai. Ki duba ko taki tana da irinta. Gara ki yanke shawarar gudu kina 22, kin san ƙarfinki kin san fannin da kike so, da ki ɗaure kanki da ita kina 17.

In kuma lissafi ya fito ya nuna mai shida ta fi sauƙi da tazara mai yawa, irin wadda za ta hana ƙannenki shiga bashi, to magana ta canja, kuma ba zan ce ki ƙi ba. A lokacin sai ki shiga da shiri. Ki tabbatar a rubuce cewa ana ba da hutun shekara ba tare da rasa gurbi ba. Ki je Katsina a wannan bazarar, tsakanin gama sakandare da fara karatu, ko mako uku ne, kada ki ɗaga. Ki nemi gidan mutunci a garin da za ki riƙa zuwa cin tuwo ranar Lahadi, ki san ofishin masu ba ɗalibai shawara tun kafin ki buƙace su. Maganar barcin nan ma, ko wacce kika zaɓa, in kin samu hutu ya ƙi dawowa, ko kika ga abinci ya fita ranki, ki ga likita, kada ki ce gajiya ce kawai.

Ki yi istihara bayan kin tattara bayanan, ki roƙi Baba da Mama su ma su yi, don a ji an yi tare. Ki tura wasiƙun nan gobe da safe, ofisoshin kuɗi sukan cika maƙil a watan Afrilu kuma amsa na iya ɗaukar kwanaki. In ɗaya ta yi jinkiri har ranar ta matso, ki kira su a waya ki roƙi ƙarin mako guda a rubuce, sau da yawa ana bayarwa ga wanda ya tambaya da wuri. Allah ya zaɓa miki mafi alheri, ya ƙara wa Baba lafiya, ki gaishe mini da Mama.